Dajin da Barnaby Tull Ya Bar wa Avis

Barnaby Tull bai yi wani abin da za a sa shi a tarihi ba. Taba ya noma a bakin kogin Patuxent, ciwon ciki ya kashe shi kamar yadda yake kashe kowa a nan. Amma tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi, kuma bakina bai mutu ba tukuna, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Jirgi ɗaya ya kawo mu daga Ingila, ni Sibil, da shi, da abokinsa Giles Harbin. Dukanmu mun sayar da shekarunmu ne a bakin kuɗin jirgi, wato za mu yi wa wani bauta har wa'adi ya cika. Barnaby a lokacin siriri ne kamar sillen kara. Zazzaɓin sabon zuwa ya kwashe rabin waɗanda muka sauka tare tun ba a yanki tabar farko ba. Shi ma ya kwanta yana rawar ɗari har ubangidansa ya sa aka haƙa masa rami, sai kawai ya buɗe ido ya ce a ba shi faten masara. Daga ranar Giles ya laƙaba masa suna Ragowar Kabari, kuma bai daina kiransa haka ba har aka binne shi da gaske.

Da wa'adinsu ya cika aka ba kowannensu masara, riga, gatari da fartanya, aka ce su kama gabansu. Suka haɗa kai suna noma gonar wani, rabi nasu rabi nasa, suna kwana a bukka ɗaya suna faɗa kan bargo. Shekaru suka ja kafin Barnaby ya sami eka hamsin ta kansa. Mai awon ƙasa ya zo ya sassara itace ɗaya a kowace kusurwa, ya ce ga iyakarka, kuma duk wanda ya sare itacen iyaka doka za ta hau kansa. Barnaby ya kai ni ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, muna kutsawa cikin duhun daji, ƙaya tana cin zanena. Daga wannan itace ba ka hango wancan. Murna yake yi kamar yaro, ni kuwa ina ta zaginsa saboda zanen.

Aure ya zo masa a makare, don mata a nan sun yi ƙaranci. Ni da wannan hancin nawa maza uku na binne, kuma kowannensu sai da ya yi takara kafin ya same ni. Barnaby ya sami Dorcas, mace mai haƙuri, ba ta da yawan magana. Ta haifa masa maza biyu, ba wanda ya kai yaye. Ta uku ce ta tsaya, Avis. Ni na karɓi haihuwarta, ni na riƙe ta ranar baftisma, shi ya sa take ce mini Gwaggo.

Taba dai kowa ya san halinta, ƙasa take ci. Ka zagaye gindin itatuwa da gatari ka ɓare ɓawon, su mutu a tsaye, rana ta shigo, ka yi tuddai a tsakaninsu ka dasa. Shekara uku ko huɗu ganye zai yi faɗi ya yi nauyi. Daga nan sai ya fara ƙanƙancewa, ka koma masara, ita ma ta gaji, shi ke nan sai ka bar wurin shekara ashirin kafin ya dawo hayyacinsa. Saboda haka arzikin mai taba ba gonar da yake nomawa ba ne, dajin da bai taɓa ba ne. Barnaby ya sare gefen kogi, ya bar babban ɓangaren da ke kan tudu wajen maɓuɓɓuga. Ƙasar gefen kogin ta gaji ƙarara, amma ya ƙi hawa tudun. Yana nan yana tsintar tsutsa daga ganyayen da ba su fi tafin hannu ba.

Wata rana Giles ya tarar da shi a haka, ina wurin na kawo wa Dorcas gishiri. Ya ce, “Ragowar Kabari, wannan taba ce ko alayyafo? Ga daji a bayanka yana kiranka, kai kana nan kana lallashin gawa.”

Barnaby ya murƙushe tsutsa da babban yatsa, bai ko ɗago ba. “Ba nawa ba ne, na Avis ne.”

“Avis ɗin da ko haƙori ba ta gama fitarwa ba? Da me za ta sare shi, da dasashi?”

“Ni da igiya a wuya na shigo ƙasar nan, Giles, kai ma haka. Ita ba za ta yi wa kowa bauta ba. Ranar da ta girma za ta tarar da ƙasar da ba a taɓa ba, duk wanda zai aure ta shi zai cire hula.”

Giles ya yi dariya ya ce rowa ce kawai ta sami sabon suna. Amma ya tuɓe riga ya taya shi tsintar tsutsa har rana ta karkata.

Abin da ke cin ran Barnaby shi ne ya san ba zai ga girman yarinyar ba. Wa ke gani a nan? Uba ya mutu, kafin ƙasar kabarinsa ta kwanta uwa ta yi aure, don mace ita kaɗai ba ta iya riƙe gonar taba, kuma ba na zargin kowa, ni ma na yi. Sabon miji ya shigo, komai ya koma hannunsa. Barnaby ya ga yadda aka yi da marayun maƙwabta, kuma an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya sayi karsana ja, ya yanka mata kunne da wata alama dabam da tasa, ya je kotu aka rubuta da sunan Avis. Bisa al'ada, 'yan maruƙa mata na yarinya ne, mazan kuwa na duk wanda ke riƙon ta, ladan ciyarwa. Ya dawo yana tafiya kamar wanda ya ɗaure mutuwa da igiya.

Avis na da shekara huɗu ciwon ya kama shi, ana tsakiyar rataye ganye a rumfa. Da ya ga abin ba na tashi ba ne, ya aika aka kira ni, da Giles, da wani maƙwabci mai iya rubutu. Da hantsi ne, ƙudaje sun cika ɗakin. Ya faɗi abin da yake so a rubuta: Dorcas ta zauna a gidan ta ci gefen kogi iya rayuwarta, ƙasar duka ta koma hannun Avis in ta cika sha takwas, kuma kada a sa gatari a dajin tudu sai don itacen girki ko gyaran rufi. Ya sa aka maimaita masa wannan na ƙarshen, sannan ya yi alamarsa a ƙasan takardar.

Sai ya dubi Giles. “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dorcas za ta yi aure, dole ne. Gara kai da wani.”

Dorcas ta sunkuyar da kai. Giles, mai bakin nan da ba ya mutuwa, sai murza hularsa yake ta yi.

“Kai ne ka fi kowa ƙarfi a kogin nan, zazzaɓi ma tsoronka yake ji,” in ji Barnaby. “Ka riƙe mini dajin. Dorcas, kin yarda?”

Ta ce, “In ya yarda.”

Giles ya ce, “Kai dai ba ka da kunya, ko mutuwa za ka yi sai ka bar wa mutum aiki.” Hawaye na zuba a gemunsa.

Barnaby ya juyo gare ni. “Ke kuma, maƙwabciya, ki zama shaida. Bakinki ya fi na kowa kaifi, ki yi amfani da shi.” Na ce to. Ya cika kafin ganyen da ya rataye ya bushe.

Giles ya auri Dorcas, ya kuma riƙe amana, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya noma gajiyayyar ƙasar nan yana zagin marigayi kullum safe, amma ko reshe bai karya a tudu ba. Abin da Barnaby bai lissafa ba shi ne ƙarfi ba ya hana mutuwa. Shekara ta uku sanyi ya shiga ƙirjin Giles, mako bai zagayo ba muka binne shi. Mai rubutun nan ma ya riga shi tafiya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dorcas ta auri Jarvis Crouch, mutum mai bayi biyu 'yan wa'adi da ba shi da ƙasar da zai sa su aiki. Ba ta daɗe ba ita ma ta tafi wajen haihuwa, a hannuna, ita da jaririn. Jarvis ya sake aure. Aka wayi gari Avis tana zaune a gidan ubanta tsakanin mutanen da ba ta haɗa jini da ko ɗayansu ba.

Ba zan ce Jarvis mugu ba ne, da ma mugun ne da na fi jin daɗin zaginsa. Bai taɓa dukanta ba, bai bar ta da yunwa ba. Sai dai jar saniyar nan, tun da ya shigo gidan ba ta ƙara haifar mace ba, ikon Allah, kullum namiji. Sannan wata bazara na ji ƙarar gatari daga tudu.

Na ɗaura zane na hau. Na same shi ya zagaye itatuwa wajen goma da sara, fararen raunuka a gindinsu. Na ce, “Jarvis, wannan itacen girki ne? Giwa za ka dafa?”

Ya ce, “Inna Sibil, ɗan gefe ne kawai. Ƙasar kogi ta mutu, kin sani. Da me kike so in ciyar da yarinyar, da inuwa?”

Na kai ƙara kotun marayu. Alƙalan duk manoman taba ne, kowannensu da gatarinsa a gida. Suka sa aka kawo Avis, suka duba ta, ga riga a jikinta, ga kumatu. Suka tambaye ta ko ana dukanta, ta ce a'a. Aka karanta wasiyyar, aka ja wa Jarvis kunne, ya yi alkawari. Babbansu ya ce mini, “Baiwar Allah, ƙasa ba ta gudu. Eka hamsin ɗinta na nan, ba wanda zai ɗauka ya kai Ingila.” Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga duk sun fi ni sanin abin da zan faɗa. Na koma gida ina kuka don haushi.

Kowace bazara ɗan gefe ne kawai. Na koma kotu har suka fara murmushi in sun hango ni. Na nemi a ba ni riƙon ta, aka ce ni ba dangi ba ce, kuma a lokacin mijina na uku yana kwance. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da ta tasa, ita ma aka ba ta fartanya. Da hannunta ta yi tuddai a cikin dajinta, da yatsunta ta tsince tsutsa daga tabar da ke cinye gadonta. Tabar kuwa ta yi kyau, ban taɓa ganin ganye mai faɗi irin na tudun nan ba. Barnaby bai yi kuskure a kan ƙasar ba.

Ranar da ta cika sha takwas Jarvis ya miƙa mata komai a gaban shaidu, ba gardama. Ya riga ya sami sabuwar ƙasa can sama da kogi. Ya bar mata gidan, da tsohuwar saniya da ta daina haihuwa, da eka hamsin cif, ko taku ɗaya bai ci ba. Aka ce a zagaya iyaka kamar yadda ake yi, sai muka ga ba sai an zagaya ba. Daga bakin ƙofa muna hango itatuwan kusurwa duka huɗu, su kaɗai ne a tsaye, tunda su doka ta hana a sare. Tsakaninsu kututture ne da jar ciyawa.

Avis ba ta bar wurin ba. Ta auri wani yaro da bai daɗe da gama wa'adinsa ba, suna noma gonar wani, rabi nasu rabi nasa, yadda ubanta ya fara. Kwanan baya ta zo wurina da ciki ya fito, ta zauna a bakin gadona, don yanzu ba na iya hawa tudu.

Ta ce, “Gwaggo, ƙananan itatuwa sun fara fitowa wajen maɓuɓɓuga. Shekara nawa kafin ƙasar ta dawo?”

Na ce, “Ashirin, in an bar ta.”

Ta shafa cikinta. Ta san shekarun uwarta lokacin da ta tafi, ni ma na sani.

“To, ba za mu taɓa ta ba, ta wannan ce,” in ji ta. “Na gaya wa mijina, ya yarda. In wani abu ya same ni wajen haihuwa, Gwaggo, ki zama shaida.”

Na dubi hannuwana, ko kofi ba sa iya riƙewa sai ya zube. Na ce to.