Layin da Inna Mai-Shanya Ta Bayar

Kafin rana ta gama fitowa, Inna Mai-Shanya ta riga ta iso bayan rumbun ƙungiyar mata da tsumma a kafaɗa. A nan akwatin shanyarmu yake: jikinsa katako, baƙin kwanon rufi a ƙasa, raga hawa-hawa a ciki, leda mai haske a sama. Rana ta gasa, iska ta ratsa, tumatir ya bushe ba ƙuda ba akuya. Inna takan goge raɓar da ta kwanta a ledar, ta share hujin iska, sannan ta buɗe bakin faɗa. Ni ma na sha rabona: "Wannan yanka ne ko faskare? Koma ki siranta shi!"

Mun san bakinta tuntuni. Zuciyarta kuwa sai shekarar da gada ta karye muka gani. Motocin masu saye suka daina shigowa, kowa ta kwaso tumatirinta zuwa akwati, aka kafa layi. Matar wani marigayi direba ce ta ƙarshe, nata har ya fara tsiyaya a kwando, kuma da shi za ta riƙe marayunta zuwa wata kakar. A ranar na Inna ne a ciki, bai yi rabin bushewa ba. Muna kallo ta zare ragar ta juye a tabarma.

"Inna, naki fa da saura!" in ji matar direban.

"Wa ya tambaye ki? Miƙo kwandon."

Hadari ya kwana biyu bai waye ba, na tabarma ya yi fumfuna, Inna ta kwashe ta zubar. Mijinta ne ya tona mata asiri, wai shekarar nan farar miya ya sha har ya manta launin ja.

Inna, ke ce mai faɗa da baki, mai bayarwa da hannu biyu. Ke ce kika ɗauke shanyarmu daga bakin titi. Yau da gwiwa ta ce ki zauna, wallahi kewarki ta kama mu tun ba ki tafi ba.

Matar direban muka damƙa wa tsumman. Ranar farko ta bar ragar sama fayau, ta hana kowa. Can sai ga Inna tana dogara sanda da ɗan kwanonta, yankan duk ya yi kauri saboda rawar hannu.

"Inna, wannan yanka ne ko faskare?"

Muka kwashe da dariya, Inna ta fi kowa. Matar direban ta durƙusa, ta ɗauki wuƙa, ta siranta mata ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin fuskarta.

Mun gode, Inna, Allah Ya ƙara miki lafiya. Ku kuma mata, duk ranar da layi ya zo kanku, ku waiwaya ku duba kwandon wadda ke baya.