Shekarar da Aka Sa wa 'Yarmu Tabarau

'Yarmu ta zo duniya tun cikinta bai cika wata bakwai ba. Ina aji ina koya wa yara yadda ake shuka citta aka aiko cewa matata tana asibiti, na ajiye alli na hau babur. Da aka nuna min jaririyar a cikin kwalba sai da na sunkuya sosai kafin na gane ina fuskar take. Fatarta ja ce, ana ganin jijiyoyi ta ciki, tafin ƙafarta kuwa bai kai babban yatsana ba. Washegari aka mayar da su wani babban asibiti a Jos, suka zauna can har damina ta yi nisa. Mafi yawan nauyin wannan lokacin matata ce ta ɗauka. Ni zirga-zirga kawai nake yi tsakanin Kafanchan da Jos da kular abinci a hannu. Lokacin da ya fi zauna min a rai ya zo daga baya, sa'ad da yarinyar ta doshi shekara biyu.

Kafin a sallame su, nas-nas sun koya mana ɗaura ta a ƙirji, fata da fata, don ta sami ɗumi. Idan matata ta gaji ni nake karɓa. Nakan tuɓe riga, a ɗaura min ita da zani, in zauna a baranda ina duba littattafan 'yan makaranta da hannu ɗaya. Maƙwabcinmu, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yakan tsaya a bakin shinge ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin namiji da goyon gaba ba. Daga baya shi ne yake kawo mana gawayi idan sanyin damina ya yi yawa.

Likita ya ce mana kada mu auna ta da yaran da aka haifa wata ɗaya da ita, mu riƙa lissafi daga lokacin da ya kamata a ce an haife ta. Don haka ta zama mai shekaru iri biyu. Idan an tambayi matata a coci watanta nawa, ƙaramin lissafin take faɗa, don kada a yi mata kallon tausayi. Ta makara wajen zama, ta makara wajen rarrafe, duk muka ce ai an riga an gaya mana. Sannan ta fara tsayuwa. Takan kama kujera ta miƙe, ta bi ta har ƙarshe, ta dafa bango, ta bi bango har ƙofar kicin, ta dawo ta hanyar da ta bi. Ƙafafunta suna da ƙarfi, ina jin haka idan ta taka cinyata. Amma tsakiyar ɗaki ba ta yarda da shi ba. Idan na raba hannunta da bango sai ta zauna daɓas, ta laluba ƙasa da tafin hannu. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, jikan maƙwabcinmu wanda ta girme shi yana ta gudu a tsakar gida, ita tana nan a jikin bango.

Tana da wata ɗabi'a kuma da muke yi wa dariya. Duk abin da aka ba ta sai ta kai shi dab da hancinta, cokali ne, silifa ne, ko marfin kwalba. Idan na ɗauke ta sai ta manna fuskarta da tawa har numfashinta ya taɓa idona. Surukata, mahaifiyar matata, manomiya ce daga wani ƙauye kusa da Kagoma, kuma Hausarta ta kasuwa da coci ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Takan ce, “Wannan yaro, shi yana sansana kome kamar akuya.” Mu ma haka muka ɗauka, sansanawa take yi.

Wata Lahadi ce muka gane. Ranar ƙungiyar zumuntar matan coci ce ta yi waƙa, duk matan, har da matata, sun ɗaura zani iri ɗaya. Bayan an tashi sujada muna tsaye a harabar coci ana gaishe-gaishe, na sauke yarinyar kusa da benci. Ta bi bencin ta kama ƙafar wata mata ta rungume. Da matar ta yi mata magana sai ta saki ta fashe da kuka. Kowa ya yi dariya, aka ce zanin ne ya ruɗe ta. Matata tana tsaye a gabanta, tazarar bai fi tsawon tabarma ba. Ta durƙusa ta buɗe hannuwa, ba ta ce komai ba. Yarinyar tana fuskantarta sosai, amma tana ta kuka tana juya kai hagu da dama. Matata ta ɗaga hannu ta kaɗa. Babu abin da ya canja. Sai da ta kira ta da baki, nan take kukan ya tsaya, ta rarrafa ta nufe ta.

Na ɗauko yarinyar da matata a babur muka koma gida. Da muka shiga ɗaki, ko zanin ba ta canja ba, ta ce, “Malam, yarinyar nan ba sansanawa take yi ba. Dubawa take yi.”

Dama akwai ranar da likitan ido ya ba mu mu koma, domin tun tana kwalba ake duba mata ido, kamar yadda ake yi wa duk bakwaini. Ranar tana gaba da sauran lokaci, amma ba mu jira ta ba. Cikin makon na nemi izini a makaranta muka shiga motar Jos. Likitar da muka samu mace ce, ba ta da yawan magana. Aka ɗiga wa yarinyar magani a ido, muka zauna a benci muna jira ya yi aiki, tana ta murza fuska a rigata. Bayan an haska idon an gwada gilasai iri-iri, likitar ta ce ba makanta ba ce. Idon yana ganin abin da yake kusa sosai, amma duk abin da ya ɗan yi nisa hazo ne a wurinta, kuma hakan yana yawan samun yaran da aka haifa da wuri irin haka. Na tambaye ta ko shi ya hana ta tafiya. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, amma yana iya zama ɗaya daga cikin dalilan, tunda yarinyar ba ta ganin inda za ta sa ƙafa.

Matata ta ce, “Likita, zai warke?”

“Ba irin wanda yake warkewa ba ne,” in ji ta. “Amma da tabarau za ta gani, za ta yi karatu kamar kowa. Aikin da ke gabanku shi ne ku sa ta yarda ta bar shi a fuskarta.”

A lokacin na ɗauka wannan ƙaramin aiki ne. Tabarau ɗin ɗan mitsitsi ne, na roba mai laushi, shuɗi, da igiya mai zagaya ƙeya. Gilasansa masu kauri ne, suna sa idanunta su ƙara ƙanƙancewa. Ranar da muka fara sa mata, ta tsaya cak kamar an zuba mata ruwan sanyi, sannan ta sa hannu biyu ta fizge shi ta yar. Haka muka yi ta yi. Na tsamo shi daga bokitin wanki, na zaro shi daga ƙarƙashin gado, sau ɗaya matata ta same shi a cikin kofin kunun tamba. Matata tela ce, a gida take ɗinki, don haka yini guda tana tsakanin keken ɗinki da mayar da tabarau. Wata rana na dawo na tarar da ita zaune a ƙasa da shi a hannu, idanunta sun yi ja. Ta ce ta gaji da zama mai sa yarinyar kuka.

Na tuna akwai tsohon tabarau na marigayi mahaifina a cikin akwati, gilashi ɗaya ya fashe. Na cire ɗayan ma, na riƙa sa firam ɗin kawai idan za mu ci abinci. Nakan matso da fuskata kusa da tata ta taɓa nawa, sannan in sa mata nata. Wani lokaci takan bar shi har mu gama cin gwaten acca, wani lokaci ko loma biyu ba a kaiwa. Ban san ko dabarar ta yi wani amfani ba, amma ta ba matata dariya, kuma a lokacin muna bukatar hakan.

Mutane ma ba su yi shiru ba. Matasan unguwa suka sa mata suna farfesa. Wani dattijon ikilisiya ya ja ni gefe ya ce gilashi yana cinye idon yaro, gara mu dage da addu'a. Na gode masa, na ce muna yin addu'ar, muna kuma sa gilashin. Surukata ce ta fi damuwa. Da ta zo ta ga yadda jikarta take kuka, sai ta riƙa cire mata shi a ɓoye idan matata ta shiga kicin, ta tura shi cikin ɗankwalinta. A yarensu ta gaya wa 'yarta cewa yarinyar ta sha allura da robobi a hanci tun ba ta san duniya ba, a bar fuskarta ta huta. Ban ga laifinta ba. Ita ce ta kwana a barandar asibiti makonni a Jos.

Da aka yi hutun tsakiyar zango, lokacin ana haƙar sabuwar doya, muka tafi ƙauyensu. Gidan surukata babban fili ne a tsakiya, da rumbuna biyu, da ɗakin aladu can baya. Da rana aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, surukata tana ɓarar gyaɗa, matata ta shiga gaida maƙwabta. Na sa wa yarinyar tabarau ina jiran ta fizge. Hannunta ya riga ya tashi sai wata kaza ta fito daga ƙarƙashin rumbu da 'yan tsakinta, can ɗaya gefen filin. Hannun ya tsaya a kunnenta. Ta bi kazar da ido har ta kai bakin turmi, ta bi wani ɗan tsako da ya tsaya baya yana tonon ƙasa. A gidanmu na gari babu abin da yake motsi daga nesa sai labule. Nan kuwa ga akuya tana jan igiya, ga hayaƙi yana fita daga madafa, ga ganyen ayaba yana kaɗawa. Bakinta a buɗe, yawu yana zuba a rigarta, ba ta ko sani ba.

Surukata ta daina ɓarar gyaɗa. Ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta ɗebi ɓawon gyaɗa ta watsa can nesa, kaji suka ruga wurin. Kan yarinyar ya juya tare da su, ta yi wata ƙara ta murna.

“Shi yana gani,” in ji surukata a hankali. Ba da ni take ba.

Da yamma igiyar ta zame ta sauko wuyan yarinyar. Kafin in tashi, surukata ta goge hannu a zani, ta mayar da ita, ta gyara mata zaman gilashin a kan hanci. Ba mu taɓa tayar da maganar ba bayan haka.

Ba ta yi tafiya a ƙauye ba, ko da yake na sa rai. Ta rarrafa ta bi kaji har gwiwoyinta suka yi baƙi, shi ke nan. Ba ta kuma daina yar da tabarau gaba ɗaya ba, sai dai yanzu idan ta yar takan laluba ta neme shi. Tafiyar ta zo ne gab da Kirsimeti, lokacin da ɗinki ya yi wa matata yawa. Ina makaranta muna haɗa sakamakon jarrabawa. Matata ta ce ta bar ta a bakin ƙofa tana kallon waje, ta sunkuya a kan keke tana haɗa wuyan wata riga, sai ta ji hannu a gwiwarta. Tsakanin ƙofar da keken babu bango, babu kujera. Babu wanda ya ga takun farko. Da na dawo muka zauna a ƙasa muna fuskantar juna, yarinyar tana tangaɗi daga hannun uwarta zuwa nawa, tana faɗuwa tana tashi, har tuwon da ke kan wuta ya kama.

Sauran abubuwa ba su tafi ba. Har yanzu ƙirjinta ba ya son damina. Tarin da zai yi wa wani yaro kwana biyu yakan kwantar da ita, kuma akwai lokacin da ya sake kai mu gadon asibiti a shekarar da ta biyo baya. Cin abincinta kaɗan ne, kayan da take sawa na yaran da ta girma ne. Maganarta ma ta makara, ta fara da kalmomin yaren kakarta kafin Hausa.

Bana ta shiga nazare. Malamarsu ta sa ta a layin gaba, ita ce mafi ƙanƙanta a ajin, kuma an gaya min ita ce mai tsawatar wa masu surutu. Ni nake kai ta da safe kafin in wuce makarantarmu. Uwarta takan goya ta a baya mu hau babur ɗin tare idan za ta kasuwa, sauran ranaku kuma da ƙafa muke tafiya, tunda babu nisa. Hanyar tana tsallaka layin dogo, inda wasu tsofaffin taragu suke tsaye ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Kullum sai mun tsaya a nan. Akwai awaki da suke hawa kan wani buɗaɗɗen tarago su kwanta, kuma ba ta yarda mu wuce sai ta nuna min kowace da yatsa ta gaya min wadda take barci da wadda take ci. Saboda haka muke fita da wuri.