Ɓera a Hawa na Uku

Har yau ban manta da wata safiyar Litinin da na ga Baturiya tsaye a gindin bango, ta ɗaga kai sama tana kallonsa ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya kuna yi mini dariya don ina sa a maimaita mini umarni sau biyu. To, ku saurari dalili.

Watan Yuni ne, shekarata ta takwas a Faransa. Kamfaninmu ya ɗauke mu daga Sevran ya tura mu wata sabuwar unguwa da ake ginawa a bayan garin Lyon. Ni ne shugaban masu shafe, mutum biyar a ƙarƙashina, sama da ni kuma sai shef, mai kula da shantiye, wato wurin ginin, gaba ɗaya. Ba don na fi kowa iya aiki aka ba ni muƙamin ba, sai don ina jin Faransanci. Faransancin kuwa a unguwar Belleville na tsinto shi, wajen sauke kwalaye a shagon kawuna, amma yadda nake ji da shi sai ka ce ni na koya wa Faransawa.

Gwanin ƙungiyarmu Malam Habu ne, mutumin Tawa, ya doshi sittin. Idan ya shafe bango ba ka ganin inda ya fara balle inda ya tsaya. Faransancinsa bai wuce gaisuwa da godiya ba. Takardar zamansa a ƙasar a jingine take da aikin nan, kuma saura wata biyu ya je sabuntawa. Kowa ya san in aka sallame shi, takardar ma ta tafi.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Filin da aka yi unguwar, da can akwai tsohon rumbun gona da jemagu ke kwana a ciki. A Faransa doka ta hana kashe jemage ko rushe masa makwanci, don haka ba a ba da izinin gini ba sai da sharaɗin za a yi musu wurin zama. Ana sa wani bulo mai rami a cikin bango, can ƙarƙashin rufi. Na tsuntsaye bakinsa zagaye ne, na jemagu kuwa tsaga ce siririya a kwance. Wasu magina ne suka sa su a ginin farko tun shekarar da ta wuce, kafin zuwanmu.

Ranar Juma'a shef ya kira ni a waya, injin kwaɓa siminti na ta ruri a bayana. Ya ce Litinin mai dubawa za ta zo, in kula da ramukan *chauves-souris* na ginin farko. Nufinsa in sa a goge ɗigon shafen da ya zuba a bakinsu. Ni kuwa na san *souris* ɓera ne. Kalmar da ke gabanta ban taɓa jin ta ba, sai na yanke wa kaina cewa wani irin ɓera ne na ƙasar Turawa. Da na tambaya da shi ke nan, amma yaran aikina na tsaye kusa da ni, ina zan yarda su ji shugabansu yana cewa bai gane ba? Na ce, "Wi, shef," na kashe waya.

Muka hau matakalar ƙarfe ni da Malam Habu, na nuna masa tsagogi shida na ce a toshe. Ya kalle su, ya sa yatsa ya shafa gefen ɗaya.

"Lawali, mi ya kai ɓera hawa na uku? Wanga rami hannun mutum ya yi shi, dubi yadda ya miƙe."

"Shef ya ce na ɓera ne, Baba."

Ya kara kunnensa da bango, ya daɗe. "Akwai rai a ciki hwa. Ina jin motsi."

"To ɓera ba rai gare shi ba? Baba, kai ke jin Faransanci ko ni?"

Wannan magana har yau in na tuna ta sai in ji kunya ta rufe ni. Don in nuna masa da gaske nake, na karɓi cokalin shafe na toshe biyu da hannuna, na danna siminti sosai, na bar masa huɗu na sauko.

Litinin da safe mai dubawar ta iso, Madam Selin, ma'aikaciyar kula da namun daji da hukuma ta ɗora wa sa ido a kan sharaɗin. Ta zo da doguwar sanda mai 'yar kyamara a kai, tana ta fara'a, tana gaya wa shef cewa wannan watan ne uwaye ke shayar da 'ya'yansu a ciki. Ta ɗaga kai, ta ga bango sumul. Nan fara'ar ta ɗauke.

Na matsa na tambayi wani Bafaranshe mai aikin lantarki, a hankali, mene ne *chauve-souris*. Ya buɗe hannuwansa ya kaɗa su kamar fukafukai. Jemage! Mu da a Maradi hayaƙi muke yi masa mu kore shi daga soro, ashe a nan ɗaki ake gina masa, har da ma'aikaciya mai zuwa duba lafiyarsa.

Shef ya yi ja har wuya. Ya ce za a iya tsayar da aikin duka, ya tambayi wa ya yi wannan. Wani ya nuna Malam Habu. Shef ya ce ya tattara kayansa. Malam Habu bai ji kalma ɗaya ba, sai ya juyo gare ni kamar kullum.

"Mi ya ce, Lawali?"

Ni kaɗai ne tsakaninsu. Da na so, in fassara yadda na ga dama, ba wanda zai sani. Ba zan ɓoye muku ba, sai da zuciyata ta raya mini in yi hakan. Sannan na ce wa shef ni na ba da umarnin, ban san kalmar ba, kuma dattijon nan ya gargaɗe ni na ƙi ji.

Madam Selin ba ta tsaya sauraren shari'armu ba, ta riga ta hau matakala. Muka bi ta da guduma da kurfi. Biyun da na toshe aka fara fasawa. Ɗaya babu komai. Ɗayan kuwa, wari ne ya fara fitowa. Ta zaro matattun jemagu ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan ƙyalle, uwaye da 'ya'ya manne a ƙirjinsu, ko girman babban yatsana ba su kai ba. Kwana uku cikin zafin Yuni, ba iska. Ban taɓa zaton zan ji tausayin jemage ba, amma ranar sai da na kau da kai.

Da ta matsa kan na Malam Habu, sai ta tsaya ta sunkuya. A ƙarshen kowace tsaga, ta ƙasa inda ba a gani daga tsakar gida, akwai ƙofa ta faɗin yatsa. Ta zura kyamara, ta kira shef ya gani. Jemagu na nan cunkushe, suna motsi.

Na tambayi Malam Habu me ya sa ya bar ƙofofin. Ya ce, "Ka ce in toshe, na toshe. Amma ko ɓera ne, ni ba ni bizne abu da ransa."

Na fassara wa shef wannan kalma bayan kalma, ban rage komai ba. Malam Habu ya ci gaba da aikinsa, ya kuma sabunta takardarsa. Ni aka sauke ni daga shugabanci, na koma riƙon cokali a gefensa shekara biyu, kuma a nan na koyi shafe na gaske.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, a shantiye wanda ya san rabin magana ya fi wanda bai san komai ba haɗari, domin shi ba ya tambaya. In aka ba ku umarni da kalmar da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. In kuma dattijo ya kara kunne da bango ya ce akwai rai a ciki, ku ajiye cokali ku saurara tare da shi.