Inna Gaji da Gonar Mata Ashirin da Uku

Kullum bayan sallar asuba Inna Gaji kan saɓi fartanya ta gangara fadamar ƙauyensu, can bayan Kiyawa. Sai ta zaga gonar mata ashirin da uku, ta faɗi wadda injin ban ruwa zai fara da ita, sannan ta duba nata fangalin.

Da can aron gona matan suke yi. A ba su wadda ta mutu, su yi ta jidar taki a ka, ƙasa na yin baƙi mai ita ya ce yana son abarsa. Sau biyu aka yi musu haka. Inna Gaji ta ɗauki gonar gadonta, ta kira liman da mai unguwa shaida, aka raba wa matan da ƙuri'a.

Kowa ya yaba ban da Inna Adama, maƙwabciyarta kuma sa'arta. Ta fi Gaji iya noma, wannan ba musu, amma ko a kasuwa "gonar su Gaji" ake cewa. Abin yana ci mata rai. Ta sha faɗa cewa a bari ruwa ya ja baya, a nan za a ga son kai.

Ruwa kuwa ya ja. Albasar Adama ta fara kwantawa, ga layinta na ban ruwa saura kwana uku, kuma da albasar nan take ci da marayun ɗanta. Gaji ta juya mata ruwan ranarta, nata tumatirin ya ƙone. Adama ba ta yi godiya ba. Cewa ta yi, "Ko a kirkin ma sai ta fi ni."

Ke ce uwar fadama, Inna Gaji. Ke kika ji wannan magana kika yi dariya.

Bana ciwon gwiwa ya hana Inna Gaji gangarawa. Da matan suka taru, ta miƙa wa Adama ragamar gonar.

"Shekara goma sha biyar tana neman laifina," in ji Inna Gaji. "Babu fangalin da ba ta sani ba."

Mun gode, Inna, Allah Ya ƙara lafiya. Masu gonaki a kwance, ga abin koyi. Inna Adama kuwa ta karɓa tana share hawaye, kuma ta rantse har yau haushin Gaji take ji.