Madannin da Na Taɓa

A shekarar da damina ta yi mana rowa, sojoji kuma suka karɓi mulki, ina aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, kusa da kasuwar Wadata. Wata ƙungiya ce mai raba hatsi ga garuruwan da fari ya ci. Duk rabon wata manhaja ce ke tsara shi, ƙatuwa, wadda na rantse ko a raƙumi aka ɗora ta sai ya durƙusa.

Manhajar ba a dafe take zuwa ba. Ɗanya ake aiko ta, gutsure-gutsure, sai ka haɗa ta da kanka. Kafin haɗin kuwa sai an shirya ordinata, wato kwamfuta: a girka wannan, a girka wancan, kowane da takamaiman zubinsa, a nuna wa kowane inda ɗan'uwansa yake. Ka kuskure ɗaya, ta cika maka fuska da jan rubutu.

Mutum ɗaya ne ya iya shirin nan, shugaban sashenmu, wani dogon Bazabarme daga Zarmaganda. Wata guda ya kwashe yana jawo kayan ta intanet ɗinmu, wadda kunkuru mai ciwon ƙafa ya fi ta sauri. Bai rubuta komai ba, duk a kansa yake. Ni Bagobiri ne, saboda haka tun daga gaisuwar safe muke tsokanar juna.

Wata ranar Litinin ya ce, "Kai bawana, jawo kujera. Zan je gida in ga tsohuwa, kwana uku. Zo in nuna maka yadda aka shirya injin nan."

Na ce, "Yaushe bawa ya fara koyar da ubangidansa? Abin da Bazabarme ya iya, ai ko ina atishawa zan yi shi."

Ya yi dariya, ya ci gaba da bayani. Ni kuwa ina fifita gawayin shayi, ina ba sakatariya labarin yadda na taɓa cinye rago ni kaɗai. Na ji dai ya ce, "Idan ta nemi ka sabunta wani abu, ka ƙi. Tsofaffin kawai take jituwa da su." Na ce to, to, Allah ya kiyaye hanya.

Bai dawo ba. Sanƙarau ya kama shi a can, ranar Juma'a aka yi waya aka ce an rufe shi.

Ya bar aiki ɗaya a buɗe. Akwai ƙauyukan da tsohon tsari ya tsallake, har da nasu, ya riga ya rubuta gyaran da zai shigar da su, saura a sake haɗa manhajar kafin kamyoyi, manyan motocin hatsi, su tashi ranar Alhamis. Shugabar biro ta dube ni ta ce, "Malam, ai kai ya nuna wa."

Na ce, "Ƙwarai, Hajiya." Kunya ta hana ni faɗin gaskiya.

Na zauna a kujerarsa, na kunna ordinatarsa. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a sabunta kaya. Hannuna ya riga kaina. Kafin maganarsa ta dawo mini, na danna.

Da na tashi haɗa manhajar, sai jan rubutu. Na sake, jan rubutu. Na shiga neman tsofaffin zubin ɗaya bayan ɗaya, ban ma san lambobinsu ba. In na kusa gama jawo ɗaya, sai a ɗauke wuta, in koma farko. Na haye gada zuwa Lamorde wajen wani malamin jami'a, ya duba ya ce zai yiwu, amma ba cikin kwana uku ba. Na roƙi a ƙara ƙauyukan da hannu. Hajiya ta ce masu ba da hatsin ba sa sakin buhu sai da takardar da manhaja ta fitar, ta yi musu waya har sau biyu, suka ce a jira zagaye na gaba.

Ranar Alhamis kamyoyi suka tashi da tsohon jeri. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu.

Sai bayan kwana goma sha ɗaya manhajar ta haɗu. A zagaye na biyu na roƙa aka bar ni na bi kamyon da zai je garin su marigayin, in yi ta'aziyya.

Mun tarar da yawancin ƙofofi an toshe su da ƙaya. Wani dattijo ya fito daga inuwa, ya ce mutane sun jira har suka gaji, makon jiya suka ɗaure kaya suka yi kudu. Na tambaye shi labarin tsohuwar marigayin. Ya ce ta bi su a kan amalanken jaki, bai san inda suka sauka ba.

Direba ya ce, "To, a sauke ko a koma da shi?"

Na ce a sauke. Muka jera buhunan a gindin wata bishiya, ina kiran sunayen masu gida daga takarda, dattijon yana amsawa: wannan yana nan, wannan ya tafi, wannan ma ya tafi.