Yayyafin Gwaggo a Ƙarshen Tur'a

Mun tashi da asuba daga Mai Wurno, mu 'yan aji da malamarmu da wata injiniya daga Madani. Na zauna gefen taga don kada a sa ni magana. A Makwar muka sha shayi da zalabiya, wani irin fanke. Kuɗinta ya hau, ita kuwa ta ƙanƙance. Daga nan mota ta bi gefen tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, ruwan yana ta raguwa har muka kai inda jakuna ke tafiya a cikinta.

A hanya injiniya ta yi mana bayani. Tauraron ɗan'adam yana hango danshin ƙasa mai faɗi, amma daga nesa. Wani ƙarfen awon danshi da take cakawa kuwa yana taɓa ƙasar, amma wuri ɗaya. In bakinsu ya zo ɗaya cewa yanki ya bushe, sai ta kai rahoto a fara sakar masa ruwa.

Ƙauyen gwaggona muka nufa, gonarta za a auna. Ganyen alkamarta har ya soma naɗewa.

Aka caka ƙarfe inda aka kafa alama tun jiya, ya nuna ƙasa a jiƙe take. Hoton tauraro ya ce a bushe. Injiniya ta ce tunda sun saɓa, ba za ta iya sa ƙauyen a gaba ba.

Ni dai na ga shatin tsintsiya, na ga ƙasar wurin ta fi duhu, ga bokiti a kife bayan kunya. Na ja mayafin Gwaggo.

"Gwaggo, yayyafi kika yi nan?"

"To, baƙi za su tsaya cikin ƙura? Tun jiya nake ɗauko ruwan a ka, ke ɗiyar nan."

Injiniya ta yi dariya har ta zauna bisa kunya. "Hajiya, kin karrama mu, kin kusa kashe alkamarki."

Muka koma tsakiyar gona. Da ƙyar ƙarfen ya shiga, kuma wannan karon ya yarda da tauraro.

La'asar muka iso gida, cikinmu cike da kisira, wainar dawar da Gwaggo ta yi mana. Na koyi cewa tauraro da ƙarfe suna buƙatar juna, kuma duk cikinsu babu wanda ya ga bokitin. Shekaranjiya Gwaggo ta kira, ruwa ya iso ƙarshen tur'a. Ta ce in gaya wa injiniya, in ta dawo cikin ƙura za ta tsaya.