Shafi Sittin da Ɗaya na Hannun Hagu

Kundin tsarin mulkinmu na farko, wanda aka rubuta da hannu, shafi ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Na ƙirga da kaina a gidan tarihi, ma'aikacin wurin yana buɗe min da safar hannu har ya gaji da ni. A sittin da ɗaya na farko, haruffan sun jingina baya kamar mutumin da ake ja yana turjewa. Sauran duk sun rusuna gaba. Na farkon nan na kakata ne.

Bahaguwa ce. A makaranta an daki hannun nan da rula har ya kumbura, an ɗaure shi a ƙafar benci, amma da an kwance sai ya koma kan alƙalami. Da ta girma ta samu aiki a wata maɗaba'a, tana rubuta sunaye a takardun shaida. Don kada gefen hannunta ya shafe ɗanyar tawada, sai ta riƙa karkatar da takarda tana rubutu ta ƙasan layi. Daga nan haruffanta suka samo jinginarsu.

Gab da samun 'yancin kai, kwamitin tsara kundin ya nemi marubuta su aiko da samfurin rubutu, ba suna, sai lamba. Cikin talatin da bakwai, nata aka zaɓa. Aka ba ta ɗaki a saman benen ofishin: tebur ɗaya, taga ɗaya, kwalaben tawada, da takarda mai kauri da aka yo oda daga waje, an ƙirgo ta daidai da shafukan, rarar shida kacal.

Tana tsakiyar shafi na sittin da ɗaya sakataren kwamitin ya hau duba aiki. Ya yabi rubutun sosai, sai idonsa ya sauka kan hannun. Ya ce a kan littafin nan shugabanni za su dafa su yi rantsuwa, bai dace a ji cewa da hagu aka rubuta shi ba. Ta koma dama kawai, ko da aikin zai ɗan ja.

"Ranka ya daɗe, wannan hannun kuka zaɓa," in ji ta. "Na daman bai ma shiga gasar ba."

Ya ce to aikin zai koma hannun wanda ya zo na biyu, sunanta kuma ba zai fito a ko'ina ba. Ta ce ya yi mata haƙuri ta ƙarasa shafin. Yana tsaye a kanta ta kai layin ƙarshe, ta jira tawada ta bushe, ta goge bakin alƙalaminta, ta sauko.

A gida kakana ya yi ta lallashi. Ya ce ai da dama take cin abinci, kuma bai taɓa ganin ta kuskure baki ba. Ta ce duk ranar da aka kira gasar cin abinci, ta yi alkawari za ta tura na daman. Washegari ta koma maɗaba'a kan takardun shaidarta, ta yi ta yi har ido ya gaza.

Sakataren ya so a sake littafin daga farko. Amma rarar shida ba ta maye sittin da ɗaya, jirgin da zai kawo wata takardar kuwa sai bayan bikin 'yancin kai. Haka aka ɗinke shi da rubutun mutum biyu, sunan mutum ɗaya a ƙarshe.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na son asara. Da ta tsufa na zaunar da ita na yi mata lissafi: ta rasa shafi ɗari da hamsin da uku, ta rasa suna, duk a kan taurin kai.

"Sarkin ƙirga," ta ce, "ƙirgo min shugabannin da suka rantse a kansa."

Na ce bakwai.

"Wane shafi ake buɗe musu?"

Na ce na farko.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na miƙa mata ruwa ta ɓangaren dama, ta ƙi karɓa sai da na zagayo ta hagu.